Idan totur ya maƙale mota tana cikin gudu: me ya kamata direba ya yi?

Duk wanda ya saba bin hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta haɗa Yamai da Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni da Maraɗi har zuwa Damagaram, ya san akwai wuraren da kwalta take miƙewa ɗoɗar, direba ya saki mota ta kai kilometir 110 ko 120 a awa bai ma ankara ba. To a gudun kilometir 120, mota tana cin metir 33 a kowane sakan guda. Ke nan idan direba ya ɗage ƙafarsa daga kan totur, wanda wasu ke kira akselerater, amma mota ta ƙi rage gudu, inji ya ci gaba da ruri kamar ana taka shi, sakan 3 kawai da zai yi yana mamaki da salati sun isa ya shafe metir 100, wato kusan tsawon filin ƙwallo. A cikin wannan tazara kuwa ana iya samun amalanke, ko garken awaki, ko yaran makaranta, ko babbar mota da ta lalace aka bar ta a kan hanya da ganye a baya.

Wannan matsala ba kullum take faruwa ba, shi ya sa ma direbobi da yawa ba su taɓa zama sun yi tunanin abin da za su yi ba idan ta same su. Amma tana faruwa, ta ci rayuka, kuma abin takaici shi ne maganinta yana hannun direba da ƙafarsa, ba ya ɗaukar fiye da ƴan sakan. Wanda ya san shi tun kafin ranar, da yardar Allah zai tsayar da motarsa lafiya. Wanda bai sani ba, ko shekara 20 ya yi yana tuƙi, ruɗewa tana iya cin sa.

Haɗarin da ya tada hankalin duniya

Ranar 28 ga watan Agusta na 2009, a kusa da birnin San Diyego na jahar Kaliforniya a Amurka, wani jami'in ƴan sandan kula da manyan hanyoyi ya ɗauko matarsa da ɗiyarsa mai shekaru 13 da ƙanen matarsa a cikin wata mota ƙirar Lexus ES 350. Motar ba tasa ba ce. Ya kai tasa gyara ne wurin dillalin da ke sayar da irinta, sai aka ba shi aron wannan ya riƙa amfani da ita kafin a gama. Suna kan hanya mai lamba 125 sai totur ya maƙale a ƙasa, mota ta yi ta ƙara gudu har ta wuce kilometir 160 a awa. Ƙanen matar, wanda ke zaune a baya, ya kira lambar gaggawa ta 911 yana faɗin cewa totur ya maƙale, birki ba ya ci, kuma ga su sun tunkari mahaɗar hanya. Kiran bai kai minti guda ba. Motar ta bugi wata mota, ta keta shinge, ta wuntsula cikin kwari ta kama wuta, dukan su huɗu suka rasu.

Da masu bincike suka duba tarkacen motar sai suka tarar da abin da ya jawo wannan asara: shimfiɗar roba ta ƙafa da aka sa a gaban kujerar direba ba ta wannan mota ba ce, ta wata ƙirar ce mafi girma, ta fi tsawo, kuma ba a maƙala ta a ƙugiyoyin da ke riƙe ta ba. Ita ce ta zame gaba ta danne bakin totur. Sun kuma ga faifan birki da takalmansa sun ƙone ƙurmus, alamar direban ya daɗe yana taka birki har zafi ya cinye ƙarfinsa. Ban da haka, motar ba ta da makulli irin wanda ake murɗawa, maɓalli ake dannawa, kuma idan tana tafiya inji ba ya mutuwa sai an danne maɓallin an riƙe shi sakan 3 cur. Wannan bayani yana cikin littafin motar, amma wanda aka ba aron mota da safe ina ya ga lokacin karanta littafinta?

Akwai wani abu a cikin rahoton ƴan sanda da ya kamata kowane direba ya riƙe. Kwana 3 kafin wannan haɗari an ba wani mutum aron wannan mota ɗin dai, kuma shi ma shimfiɗar ta danne masa totur a kan babbar hanya. Ya taka birki da dukan ƙarfinsa ya rage gudu, ya danna maɓallin kashe inji bai mutu ba, sai ya tura giya zuwa harafin N. Nan take inji ya rabu da tayu, ya yi ta ƙara shi kaɗai, mutumin ya tsayar da motar a gefen hanya ya janye shimfiɗar. Ya ce ya sanar da ma'aikaciyar da ke karɓar baƙi a wurin dillalin, amma saƙon bai kai inda za a gyara ba. Mota ɗaya, matsala ɗaya: ɗaya ya koma gida da ƙafafunsa, ɗaya kuma, wanda aikinsa ma a kan hanya yake, ya rasu tare da iyalinsa.

Abin da bincike ya gano

Bayan wannan haɗari kamfanin Toyota, wanda shi ke ƙera Lexus, ya shiga tsaka mai wuya. A ƙarshen 2009 ya kira motoci kimanin miliyon 4 a Amurka domin a canza musu shimfiɗa a kuma rage tsawon totur. A watan Janairu na 2010 ya sake kiran wasu miliyon 2,3 saboda wata matsala dabam: wani ɗan sashe a cikin totur ɗin kansa da yake cinyewa, idan laima ta shige shi sai ya yi nauyin dawowa ko ya tsaya a tsakiya. A Turai ma an kira motoci kusan miliyon 1,8, irin su Yaris da Auris da Corolla da Avensis da RAV4. A watan Fabrairu na 2010 shugaban kamfanin, Akio Toyoda, ya bayyana gaban majalisar dokokin Amurka ya ba da haƙuri. A watan Maris na 2014 kuma kamfanin ya amince ya biya gomnatin Amurka tarar dala miliyar 1,2, wato sama da miliyar 500 na kuɗin sefa a canjin wancan lokaci, saboda ɓoye wa jama'a abin da ya sani game da matsalar.

Mutane da yawa a lokacin sun zargi kwamfutar da ke sarrafa inji, domin a motocin zamani babu waya tsakanin totur da inji, saƙon lantarki ne kawai. Gomnatin Amurka ta sa injiniyoyin hukumar NASA suka yi wata 10 suna bincike, a watan Fabrairu na 2011 aka fitar da sakamako cewa ba su ga wani lahani na lantarki da zai sa mota ta kwasa da gudu ita kaɗai ba. Abubuwa uku aka tabbatar: shimfiɗa mai danne totur, totur mai maƙalewa, sai kuma direban da ya taka totur yana zaton birki ne. Gardama dai ba ta mutu ba, don a 2013 wata kotu a jahar Oklahoma ta karɓi hujjar masanan da suka ce akwai kurakurai a manhajar motar, ta ɗora wa kamfanin laifin wani haɗari. Amma ga direban da abin ya same shi a kan hanya, ko shimfiɗa ce, ko ƙarfe ne, ko kwamfuta, matakin da zai ɗauka ɗaya ne.

Mene ne ya haɗa mu da wannan labari? Hausawa sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Akasarin motocin da ke yawo a titunan Yamai da Maraɗi da Tawa da Damagaram na hannu ne, an yi amfani da su a Turai ko Amurka kafin a kawo mana su, kuma a cikinsu akwai Camry da Corolla da RAV4 da Avensis na shekarun 2007 zuwa 2010, wato irin waɗanda aka kira domin gyara. Wanda ya sayi mota hannu na uku ko na huɗu ba shi da tabbacin an taɓa kai ta aka yi mata wannan gyara. Ga kuma namu dalilai na gida. Ƙurar hunturu da rairayi suna shiga cikin bututun wayar totur na tsofaffin motoci su haɗu da tsohon girisi su daskare. Waya tana tsufa, silinta su warware su karce bututun. Sifirin da ke maido da totur yana karyewa, wani makanike ya ɗaure da roba ko ɗan ƙarfen da ya samu. Da yawanmu muna jibga kafet biyu ko uku a ƙarƙashin ƙafa don kada ƙasa ta ɓata na asali, wani ma yankin tsohuwar darduma ne. Sai gorar ruwa, da gwangwanin lemo, da takalmin da direba ya tuɓe ya ajiye a ƙasa, duk suna iya gangarawa su shige ƙarƙashin abin takawa.

Mataki na farko: birki, sau ɗaya, da ƙarfi

Abin da ya kamata mai karatu ya fara sani shi ne birkin mota mai lafiya ya fi injinta ƙarfi. Mujallar motoci ta Amurka mai suna Car and Driver ta gwada wannan bayan haɗarin San Diyego. Sun ɗauki Camry mai silinda 6, suka kai ta gudun kilometir 113 a awa, suka danne totur har ƙasa, sannan suka taka birki da ƙarfi ba tare da sun saki totur ba. Motar ta tsaya a cikin metir 58, alhali in babu totur a metir 53 take tsayawa. Bambancin metir 5 ne kacal. A gudun kilometir 160 bambancin ya kai kimanin metir 27, amma duk da haka ta tsaya. Sai da suka kai ta kilometir 190 da ɗoriya ne birki ya yi zafi ya gaza tsayar da ita gaba ɗaya, ko a nan ma sai da ya sauko da ita zuwa gudun keke.

To me ya sa birki yake gazawa a hannun mutane? Saboda yadda suke taka shi. Akwai kuskure iri biyu. Na farko shi ne a riƙa taka birki sama-sama, ana so a rage gudu a hankali kamar yadda aka saba. Inji yana ja, birki yana gugawa, a cikin minti guda ko biyu takalman birki sun yi jajur, man birki ya tafasa, daga nan ko ka miƙe tsaye a kansa ba zai ci ba. Na biyu shi ne famfo, wato a taka a saki, a taka a saki. A motar fetur akwai wata tukunya a bayan birki da ke ninka ƙarfin ƙafar direba, kuma da zuƙar iskar inji take aiki. Idan totur yana buɗe gaba ɗaya wannan zuƙa tana raguwa ƙwarai, abin da ya rage a tukunyar bai wuce na taku biyu ko uku ba. Duk wanda ya yi famfo ya zubar da shi, sai ya ji birki ya sandare kamar dutse.

Saboda haka ƙa'idar ita ce: ka taka birki sau ɗaya, da dukan ƙarfinka, da ƙafa biyu ma in ta kama a mota mai otomatik, kuma kada ka ɗaga sai mota ta tsaya. Idan ka ji birki yana karkarwa a ƙarƙashin ƙafarka, na'urar ABS ce take aikinta na hana tayu kullewa, kada ka saki. A tsohuwar mota marar ABS, idan ka ji tayu sun kulle mota ta fara zamewa, ka ɗan sassauta kaɗan har su kama ƙasa, amma kada ka ɗage ƙafa gaba ɗaya. Hannu ya riƙe sitiyari gam, ido yana kan hanya.

Mataki na biyu: raba inji da tayu

Wannan shi ne matakin da ya ceci mutumin da ya ari motar nan kwana 3 kafin haɗari, kuma tare da birki ake yin sa, ba sai an jira ba. Idan motarka mai giyar hannu ce, ka taka kuloci, wanda ake kira ambireyaj, har ƙasa, ka maida giya firi, wato abin da ake koya wa ɗalibai a oto-ekol da sunan pwan mor. Da ka taka kuloci ƙarfin inji ya daina isa ga tayu, mota ta zama kamar amalanke mai gangara, birki kuma ya samu sauƙin aikinsa. Idan mai otomatik ce, ka tura sandar giya daga D zuwa N. A mafi yawan motoci taki ɗaya ne zuwa gaba, kuma ba sai ka danna maɓallin da ke jikin sandar ba. Rashin danna shi ma ya fi, domin shi ne yake hana sandar zarcewa zuwa R. A wasu motocin sandar tana bin hanya mai lanƙwasa, akwai kuma wani gefe na canza giya da hannu mai alamar + da −. Idan tana can sai an fara maido ta D kafin a samu N. Sababbin motoci kuma wasu abin murɗawa gare su, wasu maɓallai, wasu sanda a jikin sitiyari. Shi ya sa ya zama dole kowa ya san tasa.

Da zarar ka sa firi inji zai yi wani irin ihu mai ban tsoro, allurar da ke nuna juyinsa ta haura ja. A nan ne direbobi da yawa suke karaya su maida giya, don tsoron kada inji ya fashe. Kada ka maida. Motocin da ke da kwamfuta suna da iyakar juyi, idan inji ya kai ta sai ta yanke masa mai, ba ya wucewa. Tsohuwar mota mai kafireta tana iya samun lahani idan ihun ya daɗe, amma ko da injin zai lalace, ana sayen wani a kasuwa. Wanda ke zaune kusa da direba shi ma ya sani cewa idan ya ga direba ya ruɗe, yana iya miƙa hannu ya tura sandar zuwa N, ko ya daka masa tsawa ya taka kuloci.

Mataki na uku: gefen hanya, sannan a kashe inji

Idan gudu ya fara raguwa, ka kunna fitilun nan huɗu masu ƙyaftawa, ka danna hon idan akwai mutane ko dabbobi a gaba, ka duba madubi, ka sauka gefen hanya a hankali. Sai mota ta tsaya cik sannan ka kashe inji, ka ja birkin hannu, kowa ya fita ya nisanci kwalta. Dalilin da ya sa ba a gaggawar kashe inji shi ne, da ya mutu sitiyari zai yi nauyi, taimakon birki ma ya tafi, kuma a irin wannan lokaci ne ka fi bukatar su.

Amma idan giya ta ƙi fita, ko wayar kuloci ta tsinke, to babu makawa sai a kashe inji ana tafiya. A mota mai makulli, ka murɗa shi baya taki ɗaya kawai, inda inji ke mutuwa amma rediyo yana aiki, kuma kada ka kuskura ka kai shi ƙarshe ko ka zare shi, domin sitiyari yana iya kullewa, ka rasa yadda za ka juya. A mota mai maɓalli, ka danne shi ka riƙe aƙalla sakan 3; a wasu ƙirar kuma dannawa sau uku a jere da sauri ita ma tana kashewa. Bayan inji ya mutu mota tana juyuwa kuma tana tsayuwa, sai dai da ƙarfin damtse da na ƙafa.

Abubuwan da ke ƙara dagula lamari

Kada direba ya sunkuya ya ce zai ɗago totur da hannu, domin kansa yana ƙasa mota tana cin metir 33 a sakan. Ana iya gwada zura yatsun ƙafa a ƙarƙashinsa a ɗago, amma bayan an sa firi kuma hanya tana da sarari. Kada a ɓata lokacin birki a kan wannan. Kada a finciki birkin hannu ana cikin gudu, tayun baya za su kulle mota ta juya ta kife. Idan babu yadda za a yi sai da shi, a ja shi sannu-sannu, yatsa yana danne da maɓallinsa don a iya saki. A motoci da yawa masu birkin hannu na lantarki, idan aka ja ɗan maɓallin aka riƙe, mota tana yin birkin gaggawa da kanta. Kada a jefa giya a P ko R. Kada a ɗauki salula sai an tsaya, in akwai mai kira to fasinja ne. Kada kuma wani ya buɗe ƙofa ya ce zai dira, wanda ya faɗo kan kwalta a gudun 100 da wuya ya tashi.

Idan duka waɗannan sun gaza, ga gari ko kasuwa a gaba, sai a nemi abin da zai cinye gudun a hankali: hawan tudu, ko goga gefen mota a jikin ƙarfen da ke bakin hanya, ko shiga rairayi da ƙananan sabara da geza. Amma a shiga a karkace kaɗan-kaɗan, tayu a miƙe, domin murɗa sitiyari da ƙarfi a cikin rairayi shi ke kifar da mota. A guji gindin gawo da kuka da kan gada. A irin wannan lokaci ne kuma ake gane amfanin bel ɗin kujera da mutane ke ɗaurawa don tsoron jandarma kawai.

Motocin gazuwal da babura

Masu Hiace da Land Cruiser da manyan motoci suna da wata matsala ta dabam da ya kamata su sani. Injin gazuwal yana iya kwacewa ya riƙa shan baƙin mansa, galibi idan turbo ta lalace tana zubo mai cikin hanyar iska, ko an cika baƙin mai ya wuce ƙima. Alamarsa ita ce inji ya haukace da ihu, hayaƙi mai kauri fari ko shuɗi ya turnuƙe baya, kuma ko ka kashe makulli ba ya mutuwa, domin ba gazuwal yake sha ba a lokacin. Abin yi a nan shi ne a taka kuloci a tsayar da mota tukuna. Bayan ta tsaya, a mota mai giyar hannu, a ja birkin hannu, a danne birki da ƙarfi, a sa giya mafi girma, ta huɗu ko ta biyar, a saki kuloci, inji zai shaƙe ya mutu. In hakan bai yiwu ba sai a toshe masa hanyar iska da katako ko wani abu mai tauri, ko a fesa masa tukunyar kashe gobara mai iskar CO2. Kada a sa tafin hannu, kuma idan abin ya fi ƙarfi a fitar da fasinjoji a yi nisa da motar.

Ƴan kabu-kabu da masu adaidaita sahu su ma abin ya shafe su, don wayar totur ɗin babur ta fi kowace shan ƙura da ruwan sama. Idan hannun totur ya ƙi dawowa, a matse kuloci, a kama birkin gaba da na baya tare, a kashe inji da jan maɓallin da ke jikin hannu idan babur ɗin yana da shi, ko da makulli.

Wani lokaci ƙafar ce

Akwai gaskiyar da direbobi ba su son ji. A shekarun 1980 an yi irin wannan ce-ce-ku-ce a Amurka a kan motar Audi 5000, kuma binciken da gomnati ta fitar a 1989 ya nuna cewa a mafi yawan lokuta direbobin totur suka taka suna zaton birki ne. Mutum yana iya rantsewa birki yake takawa, kuma ba ƙarya yake yi ba, ƙafarsa ce ta kauce bai sani ba, da mota ta zabura sai tsoro ya sa ya ƙara dannawa. An fi samun haka a mota mai otomatik, wajen fita daga gida ko ajiye mota, ko a motar da mutum bai saba da ita ba. Yanzu da masu otomatik suka yawaita a garuruwanmu, kuma da yawa da giyar hannu suka koyi tuƙi, wannan abin lura ne. Idan kana taka abin da kake zaton birki ne amma mota tana ƙara gudu, ka ɗage ƙafar gaba ɗaya, ka sake ɗora ta a hagu, ka sa N. Tuƙi da silifas, ko takalmi mai tsini, ko barin bakin babbar riga da zane suna jan ƙasa a wajen abin takawa, duk suna ƙara wannan haɗari.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Tun daga motocin 2011 kamfanin Toyota ya sa wa sababbin motocinsa wata dabara da wasu kamfanonin Jamus suka riga shi sawa: idan aka taka birki da totur tare, kwamfuta tana bin umurnin birki ta rage wa inji mai. Wannan ci gaba ne, sai dai motoci da yawa da ke hannunmu sun girmi wannan dabara, don haka gyaran yana wuyanmu.

Kowane mai mota ya leƙa ƙarƙashin ƙafarsa yau. Shimfiɗa ta zama ɗaya tak, daidai da motar, a maƙale a ƙugiyarta, kuma a sake dubawa duk lokacin da yara masu wankin mota suka cire ta suka maida. A kwashe gorori da takalma daga gaban kujerar direba. Kafin a tada inji da safe, a taka totur har ƙasa a saki, a ga ko yana dawowa da sauri. Idan ya yi nauyi, ko yana dawowa da jinkiri, ko inji yana daɗewa bai sauko ba bayan an ɗage ƙafa, a kai garaj a ranar, kada a ce sai an dawo daga tafiya. A canza wayar totur da ta fara warwarewa maimakon a yi mata ɗauri. A kula da takalman birki, a kuma canza man birki kamar kowace shekara 2, domin tsohon mai yana shan laima, ya fi saurin tafasa. Wanda motarsa ta fito daga Amurka yana iya sa lambar shasi mai harufa da lambobi 17 a shafin intanet na kamfanin ya ga ko akwai gyaran da aka kira ta ba a yi ba. Motar da totur ɗinta ya taɓa maƙalewa kuwa, ko sau ɗaya ne, kada a sake hawa da ita hanya sai an gano dalili, kuma wanda ya ari mota ya ga haka ya faɗa wa mai ita baki da baki, ya tabbatar ya ji.

Abu na ƙarshe shi ne gwaji. Ka samu fili ko hanyar da babu kowa, kana tafiya a gudun kilometir 20 ko 30, ka tura giya zuwa N ka taka birki ka tsaya, ka maimaita har hannunka ya san wurin ba sai ka duba ba. Ka buɗe littafin motarka ka ga yadda ake kashe injinta tana tafiya. Idan aka ba ka aron mota ko ka yi haya, ka ɗauki minti guda ka duba waɗannan kafin ka tashi. Masu oto-ekol su sa wannan darasi cikin abin da suke koyarwa kafin a ba mutum parmi, shugabannin tashoshin mota da ƙungiyoyin direbobi su ma su riƙa tunatar da mutanensu, musamman masu ɗaukar rayuka 18 ko 70 a bayansu. Magidanci kuma ya koya wa matarsa da ɗansa da duk wanda yake ba makullin motarsa.

Allah ya kiyaye mu da sharrin ƙarfe, ya kai kowane matafiyi gida lafiya, amin.